Igiya Guda Ta Rage

A Tungar Jima, wani ƙauye da ke bayan Azarori, in ka ji dariya ta ɓarke a gindin gawo ko a bakin rijiya, ba sai ka tambaya ba, Lurwanu yana wurin. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gonar wake. Amma Allah ya ba shi abin da bai ba kowa ba a garin: in ya kalli mutum sau biyu, to ya kwashe shi ke nan. Tafiyar Maigari, tarin da liman ke yi kafin ya ta da salla, yadda mai allurar shanu ke hura hanci in ya sauko daga moto, duk suna cikin aljihunsa. Tun yana saurayi, in an gama girbi an zo wasan kara, ranar da samari ke yin hula da bindiga da mota na karan gero su kwaikwayi manya, shi ake ba matsayin kumandan, babban jami'in mulkin yankin, ba a ma shawara.

Aibinsa guda ne, amma babba. In mutane suna dariya, bakinsa ba shi da linzami. Ba abin da ba zai faɗa ba don dariyar ta ƙara tsawo, kuma wadda ta fi kowa sanin haka ita ce matarsa Cima.

Sau biyu yana sakin ta, kuma duk a gaban taro. Na farko a wurin suna ne. Ya tashi yana nuna yadda surukinsa ke hawa jaki, Cima ta jiyo daga cikin mata, ta fito ta kife masa ƙwaryar fura a ka. Jama'a suka kwashe da dariya, shi kuwa don kada dariyar ta tsaya a kansa, ya miƙe fura na ɗiga daga gemunsa ya ce ya sake ta. Kafin magariba yana durƙushe a gidan Gogo, gwaggon Cima da ta rene ta, yana ba da haƙuri. Na biyu a masussuka ne. Ta ce damin da ya ɗaure ko ɗan yaye ya fi shi iyawa, ya mayar, ta mayar, mata na shewa, har bakinsa ya sake kai shi inda ya kai shi a da. A wannan bikon ne liman, Malam Kalla, ya ɗaga masa yatsu uku ya lanƙwashe biyu.

"Igiyar aure ukku ta, Lurwanu. Ka tsinke biyu. In wagga ta tahi, babu biko. Sai ta auri wani, shi ko in ya ga dama shi riƙe abinai."

Lurwanu yana son Cima, so na gaske, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba. Daga ranar ya kama bakinsa a kanta, aka yi shekara biyar lafiya.

A shekarar 1978, bayan an kai amfanin gona gida, saƙo ya zo daga Madawa cewa samariyar kowane gari, wato ƙungiyar matasa, ta shirya teyatur, wasan kwaikwayo irin na dandali. Za a yi gasa, wanda ya ci ya wuce Tawa. Aikin ya faɗa kan sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe Iliyasu, ɗan Garhanga da ya yi karatu a Yamai ya dawo da gilashi da ciwon teyatur. Ciwo kuwa na gaske, don in ya fara zancen ba ya jin kiran abinci. Ya tara samari a filin lakwal ya gaya masu cewa mutanen Girka na dā sun sassaƙa tudu guda suka mai da shi wurin zama, 'yan wasansu na sa fuskar icce. A ƙasar Sin ana shafa wa fuska launi, ja na jarumi, fari na maci amana. A ƙasar Faransa kuwa akwai labule, kuma sai an buga sanda sau uku a ƙasa kafin a buɗe shi. Samari suka yi ta gyaɗa kai, Lurwanu kuma yana ta kwashe yadda Mushe ke tura gilashi da ɗan yatsa.

Mushe ya rubuta wasa a cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, a kan ci-rani. Wani Ahmadu ne ya bar matarsa Zaliha a shekarar yunwa ya tafi Abijan, ya dawo ba hatsi ba tufa, sai radiyo da tabarau da girman kai. Ahmadu dai ba gardama, Lurwanu ne. Zaliha ce ta gagara, domin ba magidancin da zai bar matarsa ta tsaya gaban jama'a tana kiran wani ƙato maigida, ba kuma uban da zai ba da 'yarsa. Maigari ne ya raba gardama, ya ce ai abin da sauƙi, Lurwanu ya yi da tasa matar, ba wanda zai yi magana. Kowa ya yaba da basirar Maigari.

Ashe Cima ta fi mijin. Da yake ba wanda ya iya karatun boko a cikinsu, Mushe ke karanta magana su maimaita, kashi bayan kashi, kowace la'asar. Cima sau ɗaya take ji ta riƙe. Lurwanu kuwa kullum sai ya ƙara gishiri, kullum sai an yi faɗa.

"Ba haka na rubuta ba!" in ji Mushe, yana buga kaye a cinya.

"Mushe, tau ta hi daɗi. Mu a wasan kara babu takarda, abin da yaz zo ma mutum shi ka hwaɗi."

"Wancan wasa na, wanga teyatur na. Na kai kaye guda Madawa, shina hannun juri, alƙalan gasa. Ko harahi guda ba a canzawa."

Saura kwana tara gasa aka iso kashin ƙarshe. Mutanen gari sun cika filin lakwal kamar kullum, har da Gogo a kan 'yar kujerarta. Mushe ya buɗe kaye ya ce, "To Lurwanu, nan za ka ɗaga hannu ka nuna mata ƙohwa, ka ce da ƙarhi: tahi gidanku, na sake ki."

Lurwanu ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Allah ya sa Gogo ba ta gyangyaɗi ranar. Ta yi wani salati da ya tashi kajin maƙwabta, ta wurgo sandarta ta same shi a ƙwauri.

"Rufe bakinka, ɗan banza! Guda ta rage!"

Mushe baƙo ne, shi kaɗai ne a garin bai san lissafin igiyoyin Lurwanu ba. Da aka yi masa bayani sai ya yi dariya, ya ce ai wannan wasa ne, Ahmadu ne zai saki Zaliha, ina ruwan Lurwanu da Cima? Ba wanda ya taya shi dariyar. Aka ɗunguma zuwa zauren Malam Kalla.

Malam ya saurara har ƙarshe, ya yi tarinsa, sannan ya ce shi dai bai ga teyatur a littattafansa ba. Abin da ya gani shi ne, abu uku wasansu gaskiya ne, kuma saki na cikinsu.

"Amma Malam," in ji Mushe, "ba da Cima shika ba. Da Zaliha shika."

"In ya hwaɗa, wa shika kallo?"

"Cima."

"To."

"In ya hwaɗa da Hwaransanci hwa?"

"Mushe, kana zaton Allah ba shi jin Hwaransanci?"

"To shi rubuta a takarda shi miƙa mata, ba sai ya yi magana ba."

"Wannan ma ta hi ƙarhi, ga shaida a hannu."

Mushe ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Can ya tuna cewa a ƙasar Japan, da Ingila ta dā, maza ne ke fitowa a matsayin mata, kuma ba wanda ya ce uffan. Washegari aka ɗaura wa Hamidu makaɗi zane da kallabi. Hamidu dogo ne, ga gemu, ga murya kamar ana jan turmi a kan dutse. Da ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, maigida," sai da aka ɗauki yara biyu daga ƙasa don dariya, Maigari kuma ya shaƙe da goro. Mushe ya ce wannan wasan ban tausayi ne, ba na ban dariya ba, a kwance masa zanen.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma kowa ya gan ta. Lurwanu ya sauka, wani ya zama Ahmadu, ya yi ta sakin Cima har gobe, ba abin da zai taɓa aurenta. Mushe ya kawo shawarar. Lurwanu ya yi tsalle ya dire, ya ce wane ƙato ne zai kira matarsa tasa a gaban Madawa duka? Haka ya faɗa, amma ba kishin ne kaɗai ba. Shekara nawa yana ba 'yan ƙauye arba'in dariya a gindin gawo, yau ga Madawa, ga kumandan na gaske, a ce ya zauna a ƙasa yana kallon wani? Cima ta dube shi ta gane. Da aka ce to ita ta sauka, sai ta ce ita ba ta roƙi a sa ta ba, kuma ba mai fid da ita.

Hamidu ne ya kawo mafita, wataƙila don kada a sake ɗaura masa zane. Ya ce in Lurwanu ya ɗaga hannu, shi zai saki ganga da ƙarfi, Lurwanu ya motsa baki kawai ya ce Allah ya ba mu damina. Masu kallo za su ga hannu, su ga baki, su cike sauran da kansu. Malam Kalla ya ce in dai addu'ar damina ce a baki da zuciya, shi ba shi da ta cewa. Mushe ya yi ƙunƙuni, daga baya ya ce ai a Turai ma ana buga ganga in abin tsoro zai faru. Aka gwada sau shida, sau shida ganga na rufe bakin Lurwanu.

Ranar gasa da sassafe, Lurwanu na gyaran wandon da aka aro masa mai faɗin ƙafa, ya ga Cima ta fita da ƙunshi a ka ta dawo, ta sake fita da wani. Ya ɗauka kayan wasa ne take kaiwa bakin hanya, bai tambaya ba. Aka bar 'yarsu Dije wurin Gogo, aka hau bayan kamiyon da ke kai albasa, sai Madawa.

Lurwanu bai taɓa ganin mutane haka a wuri guda ba. Filin gidan samariya ya cika, yara sun hau katanga, masu tuyo sun kafa kasko a bakin ƙofa. Ga dakalin siminti da za a yi wasa a kai, ga tebur na juri mutum uku da kaye a gabansu, ga kumandan a kujerar gaba. Aka kafa mikoro a tsakiyar dakali, da manyan ƙahoni biyu a kan icce masu kai magana har tasha. Garuruwa biyar suka zo. 'Yan Tungar Jima ne na huɗu, bayan azahar. Da babu labule, aka kafa zana, Mushe ya laɓe a bayanta da kayensa, ya buga sandarsa sau uku kamar yadda ake yi a Faransa.

Da Lurwanu ya fito a matsayin Ahmadu ɗan Abijan, wando na sharar ƙasa, baƙin tabarau a ido, radiyo a kafaɗa, yana gaida mahaifinsa da Faransanci, "Bonju, le biye," filin ya ɗauka gaba ɗaya. Ya ƙi zama a tabarma sai ya shimfiɗa hankici. Aka ba shi fura ya tambaya ina cokali. Ya ji muryarsa na fita daga ƙahonin nan, ƙatuwa, ta bugi katanga ta dawo, dariyar mutum dubu na biye da ita. Kumandan ma ya cire hula yana share ido. Daɗi ya rufe Lurwanu, irin daɗin nan da ya sani, wanda ya ji ranar fura da ranar masussuka, amma yau ya ninka. Ya fara ƙara gishiri, yana jin Mushe na huci a bayan zana, ko a jikinsa.

Aka zo kashin ƙarshe. Ahmadu ya ture tuwon da Zaliha ta kawo, ya ce ita baƙauya ce, ba ta dace da mutumin da ya ga teku ba. Samarin Madawa da ke kan katanga suka fara ihu, "Kore ta! Kore ta!" A cikin kaye, abin da Zaliha za ta ce gajere ne: maigida ka yi haƙuri, na yi iya ƙoƙarina. Daga nan sai hannu, sai ganga.

Cima ta miƙe daga durƙuson, ta gyara zane, ta matso kusa da mikoro. Ba ta ce ya yi haƙuri ba.

"Ka ga teku," ta ce. "Madalla. Ni in gaya maka abin da nig gani. Wata goma sha huɗu kay yi. Rumbu ya ƙare tun watan ukku. Anza muka ci. Ka san anza? Kwana huɗu aka jiƙa ta ana zub da ruwa kahin ɗacin shi hita. Ran da ta kwana huɗu ba ta ishe mu ba, ta kwana biyu nika ci in bar ma yarinya mai daɗin. Na tona gidan tururuwa da hannuna, ina roƙonsu gahwara ina kwashe hatsinsu."

Lurwanu ya tsaya da tabarau a ido. Wannan ba ya cikin kaye, kuma ba Ahmadu ake gaya wa ba. Shi ma ya tafi ci-rani a shekarar farin nan, shekara biyar da suka wuce, kamar rabin mazan garin. Wata goma sha huɗu ya yi. Radiyon da ke kafaɗarsa ma ba aro ba ne, shi ne wanda ya dawo da shi.

"Ran da kad dawo," in ji Cima, muryarta na fita daga ƙahoni a hankali, "kaza guda ta rage a gidan, na yanka maka. Kac ce kaka gida, nac ce lahiya lau. Ka ci, ka wanke hannu, ka hita gindin gawo kana gwada ma mutane yadda 'yan Abijan ka tahiya. Ina jin dariyarsu daga ɗaki. Har yau ba ka tambaye ni mi munka ci ba."

Filin ya mutu. Samarin kan katanga suka bar ihu. Ba mai kallon da bai san ɗacin anza ba, ko shi ko uwarsa. Wata mai tuyo a bakin ƙofa ta bar ƙosanta na ƙonewa.

Cima ta juyo ta dube shi. "To, hwaɗi abin da za ka hwaɗi. Jama'a na jira."

Lurwanu ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, kamar yadda aka yi sau shida a filin lakwal. Ya jira ganga. Ganga ba ta zo ba. Ya saci kallo gefe, sai ga Hamidu zaune, sandar kiɗa a hammata, ya rufe fuska da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ya kawo dabarar ya manta da ita sarai.

Daga bayan zana Mushe ya yi raɗa, shi ma ya rikice har ya manta da yarjejeniyar, ya koma ga abin da ke rubuce: "Tahi gidanku, na sake ki! Hwaɗi mana!"

Ga mikoro a bakin Lurwanu, ba halin motsa leɓe a ce addu'ar damina, kowa zai ji. Ga juri sun ɗaga bik, biron da za su ba da maki da shi. Kuma abin kunya, wanda Lurwanu bai taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya, maganar ta riga ta hau harshensa, har da muryar da zai faɗe ta da ita, ta ɗan Abijan mai magana ta hanci. Ya san in ya sake ta haka, mutum dubu za su yi ihu, a tafi Tawa. Ya dubi Cima. Ba ta yi masa alama ba, ba ta roƙe shi da ido ba, tsaye kawai take tana jira ta ga wanda ta aura. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya sauke hannun. Ya juya ya kama zanar nan ya ja ta gefe, sai ga Mushe a tsugune da kaye, gilashi a kan hanci.

"Mushe, hito. Kai ka rubuta Zaliha, kai za ka sake ta, ni ban san ta ba. Wagga Cima ta, uwar Dije. Igiya guda ta rage min, kuma ba ni tsinke ta don a tahi Tawa."

Dariyar da ta tashi ta fi duk ta ranar. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, har da Mushe da ke neman inda zai ɓoye. Amma Lurwanu bai juya ya karɓi dariyar ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya cire tabarau, ya ajiye radiyo, ya tsuguna gaban matarsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya manta cewa mikoro ba ya rufa asiri.

"Ban tambaya ba. Gaya min sauran."

"Sauran a gida," in ji Cima. "Tashi, mutane na kallo." Ta ɗauki radiyon ta jijjiga shi a kunne, ta dubi jama'a. "Ko batir babu ciki. Tun ran da yaz zo da shi."

Da wannan aka rufe wasan, don ba wanda ya san abin da zai ƙara. Mata suka yi ta guɗa, wata tsohuwa ta hau dakali ta kama hannun Cima ta ƙi saki.

Juri suka ba su na uku. Babbansu ya ce wasa ya yi kyau, amma kashin ƙarshe ba shi ne a kaye ba, kuma ba a taɓa jin inda ɗan wasa ya fito da mai rubutu daga bayan labule ba. Samarin cikin garin Madawa ne suka wuce Tawa. A bayan kamiyo Mushe ya juya wa kowa baya har aka bar kwalta. Sai da aka hango Azarori ya zaro bik, ya matso kusa da Cima, ya ce don Allah ta maimaita masa maganar anza a hankali. Yana rubutu yana cewa, yanzu ya tuna, a ƙasar Italiya ma an yi wasu 'yan wasa masu yawo gari-gari da ba su riƙe takarda, abin da ya zo masu shi suke faɗa.

"Ka gani," in ji Lurwanu. "'Yan wasan kara na."

Hamidu dai ba a bar shi ya sha iska ba. Duk wanda ya dube shi sai ya ce, "Allah shi ba mu damina," shi kuma ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Rana na shirin faɗuwa suka iso gida. Lurwanu ya shiga ɗakin Cima don ya ajiye radiyo, sai ya tsaya a ƙofa. Ɗakin wayam. Babu jeren kwanoni, babu ƙorai, babu tabarmar ado da ke bango, ko akwatin tufafinta babu. Sai gadon kara.

"Cima, an yi muna sata!"

"Ba a yi ba," ta ce daga tsakar gida, tana kwance kallabi. "Suna gidan Gogo. Na kai su da sahe."

"Don mi?"

"Don kada in dawo in kwashe su mutane na kallo." Ta ninke kallabin. "Ban yarda da gangar Hamidu ba. Kuma na san bakinka in an taru."

Lurwanu ya so ya ce wani abu, ya duba cikin aljihun nan nasa mai cike da muryoyin mutane, bai sami ko guda da za ta yi ba. Ashe tun safe, tana bayan kamiyo tana taya su waƙa, ta riga ta shirya zama bazawara kafin magariba. Abin ya soke shi fiye da duk abin da ta faɗa a Madawa.

Ya fita ya nufi gidan Gogo. Gogo na zaune a ƙofar gidanta da Dije, labari ya riga ya iso mata. Ta nuna masa ƙunshin da sanda, ta ce ya yi hankali da ƙoran, na uwar Cima ne. Ya yi gammo, ya ɗora ƙunshin farko a ka, ya ratso tsakiyar gari. Mutanen gindin gawo suka hango namiji da kayan ɗaki a ka, suka ɗauka sabon wasa ne, wai yana kwaikwayon mace mai dawowa daga yaji. Suka fara dariya, suna kira ya ɗan yi rangwaɗa. Bai yi ba. Ya wuce su da tafiyarsa ta kansa, wadda da yawansu ba su ma san ta ba. Sawu uku ya yi, a na uku ba mai dariya.

Cima ta nuna masa inda kowane kwano ke zama, ya jera, ta gyara biyu da ya kife. Sannan ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna, ta jawo Dije jikinta. Lurwanu ya zauna a ƙasa.

"To," ta ce. "Watan hwarko da kat tahi, akuyar nan ja ta mutu."

Daga gindin gawo wani ya ƙwala masa kira, ana jiran ya zo ya nuna masu yadda Mushe ya yi a bayan zana. Lurwanu bai waiwaya ba.

"Ina ji," ya ce. "Sai mi?"